Taurin Bashi Da Hanyar Gyara Suna

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Godiya ta tabbata ga Allah wanda Ya halatta ciniki kuma Ya haramta riba. Tsira da aminci su tabbata ga shugabanmu Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, ya ku ƴan'uwa Musulmi, akwai wani bawan Allah da na lura ya daina bin hanyar da ya saba bi zuwa masallaci. Sai ya zagaya ta bayan gari, ya iso an kusa idar da raka'ar farko. Da na keɓe da shi na tambaye shi ko lafiya, sai ya sunkuyar da kai ya ce: “Malam, mai kantin bakin hanya yana bi na jika 40 tun suna biyu da suka wuce, ba na iya haɗa ido da shi.” To, irinsa nawa ne a cikin sahunmu? Hausawa sun ce bashi hanji ne, yana cikin kowa. Cin bashi ba abin kunya ba ne. Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata gare shi, ya bar duniya sulkensa yana jingine wurin wani Bayahude a kan sa'i 30 na sha'ir da ya karɓo wa iyalinsa. Abin da nake nufi a yau shi ne mutumin da sunansa ya ɓaci, wanda aka shaide shi da taurin bashi har ba mai ba shi ko tiya ɗaya ta hatsi sai da kuɗi a hannu.

Ku sani, masu kuɗin duniya sun mai da wannan shaida lissafi. A Amurka, akwai maki da ake ba mutum daga 300 zuwa 850, wanda banki yake dubawa kafin ya ba shi rance, har mai gidan haya yakan nemi ya ga tarihin bashinsa. A tsarin kamfanin FICO, kashi 35 cikin 100 na makin yana rataye ne ga biya a kan lokaci, kashi 30 kuma ga yawan abin da ake bin mutum. Mu ma abin ya iso mu: a ƙasashe takwas masu amfani da sefa a yammacin Afirka, babban banki BCEAO ya sa an kafa ofishin tattara bayanan masu cin bashi, ya fara aiki a 2016. Ba ina kwaɗaitar da ku rancen ruwa ba ne. Riba haram ce, kuma wanda ya riga ya faɗa cikinta, tubarsa ita ce ya yi gaggawar fita kada ya koma. Abin lura dai shi ne, bayan dogon bincikensu, abin da suka sa a gaba shi ne abin da kowace mai tuwo a tasha ta sani: shin wannan mutum in ya ce gobe, goben ce? Kuma a Amurka doka tana share yawancin tabon bayan shekara 7. Littafin mai kanti da bakin ƴan kasuwa ba su san wannan doka ba.

To, ta ina gyara yake farawa? Daga alƙalami. Aya mafi tsawo a cikin Alƙur'ani mai girma, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da ajalinsa da shaidunsa ta sauka. Mafi yawan waɗanda bashi ya yi wa katutu ba su san jimillar abin da ake bin su ba, saboda tsoron ganin adadin. Ka zauna bayan sallar isha'i, kai kaɗai ko da wanda ya iya rubutu cikin ƴaƴanka, ka rubuta kowa da nasa: mai kanti, mahauci, kuɗin adashin da ka kwasa ka daina zubi, buhun geron da ka ci da damina a kan za ka biya da kaka, har da kuɗin matarka da ka ce aro ne. Wannan na ƙarshe shi aka fi mantawa, alhali dukiyarta tata ce.

Sa'an nan ka tafi da ƙafarka. Nan ne wuyar take, kuma nan ne rabin maganin yake. Mai bin bashi yakan jure wa jinkiri, abin da ba ya jurewa shi ne a kashe masa waya, a aiko yaro ya ce baba ba ya nan. Ka gaya masa gaskiyar halinka, ka yanka abin da ka tabbata kana iyawa. Jika biyu kowace ranar kasuwa, ba fashi, ta fi alkawarin jika 20 da ba za ta zo ba. Kada ka ranto wurin Musa don ka toshe bakin Isa. Ramin ne ka ƙaura da shi, kuma sau da yawa ya ƙara zurfi. Ka kuma dubi abin da kake kashewa. Malamanmu na mazhabar Imamu Malik, kamar yadda ya zo a Muhtasar na Shehu Halil, sun ba masu bin bashi ikon hana wanda bashi ya kewaye dukiyarsa yin kyauta da ita. Ina ga wanda ake bi dubbai, amma ranar biki shi ne gaba wajen yi wa maroƙa liƙi? Hadisi ingantacce ya kira jinkirin mai hali zalunci. Layya ma sunna ce ga mai iko, biyan bashin da ajalinsa ya yi kuwa wajibi ne.

Ku kuma masu bin bashi, ba a bar ku ba. Aya ta 280 a wannan sura ta umurce ku da saurara wa wanda yake cikin ƙunci har ya sami sauƙi, ta kuma nuna yafewa ta fi alheri. Ka'abu ɗan Malik ya taɓa ɗaga murya a masallaci yana bin Ibnu Abi Hadrad bashi, sai Manzon Allah ya yi masa ishara ya sauke rabi, ya kuma umurci ɗayan ya tashi ya biya saura. Idan mutum ya zo maka da kansa da ɗan abin da ya samu, ka karɓa, ka rubuta a gabansa, kada ka tozarta shi a gaban jama'a. Masu fitar da zakka kuma su tuna, aya ta 60 a Suratut Tauba ta sa waɗanda bashi ya danne cikin mutum takwas da ake ba.

Me ya sa nake matsawa haka? Don mu limamai mu ne muke tsayawa a kan gawa. An kawo wa Annabi wata jana'iza, da ya ji ana bin mamacin dinari biyu sai ya ja da baya, har Abu Ƙatada ya ɗauki nauyin biya, sa'an nan ya sallace shi. Muslim ya ruwaito cewa shahidi ma ana gafarta masa kome ban da bashi. Amma mu a nan, akan yi shela a bakin kabari cewa mai bi ya zo ya sami iyali, kowa ya ce to, a watse, bayan sadakar bakwai a shiga rabon gona da awaki.

Ku dubi Zubairu ɗan Awwam, Allah Ya yarda da shi. Ranar yaƙin Raƙumi, shekara ta 36 bayan hijira, ya kira ɗansa Abdullahi ya shaida masa babu abin da ya fi damunsa kamar bashinsa. Da aka lissafa sai aka sami miliyan 2 da dubu 200 na kuɗin zamanin, mafi yawansa ajiyar mutane ce da yakan mai da ita rance a wuyansa don kada ta salwanta. Bai bar tsabar kuɗi ba, sai filaye da gidaje. Abdullahi ya sayar da filin Gaba kusa da Madina ya biya kowa. Da magada suka ce a raba musu, sai ya ƙi, ya yi shekara huɗu yana shela a lokacin aikin hajji cewa duk mai bin Zubairu ya zo ya karɓa. Bayan ta huɗun ne ya raba gado.

Shi kuwa mutumin da na ba ku labarinsa, mun tafi tare wurin mai kantin bayan la'asar. An buɗe littafi, aka tarar jika 37 ne, ba 40 ba. Suka daidaita a kan jika uku kowane wata, ni da ladan muka zama shaidu. Ya biya wata huɗu ke nan, kuma ya koma bin tsohuwar hanyarsa.