Wasiyya ga Ihwani a kan Himmar Zuciya da Zaɓen Wanda Ake Bin Sawunsa

Da sunan Allah nike farawa. Godiya ta tabbata gare Shi, Sarkin da Ya raba arziki tsakanin bayinSa, Ya raba musu himma kamar yadda Ya raba musu kamanni. Tsira da aminci su tabbata ga shugabanmu Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa da waɗanda suka bi sawunsu har ranar sakamako.

Bayan haka, ni bawa mai rauni, tsoho mai karantar da allo a garin Dayi ta ƙasar Malumfashi, wani daga yaranmu na zawiya ya tsai da ni bayan an tashi wazifa, ya ce: Malam, tun da an gama rubuta rabon kowa, mene ne amfanin himma, kuma me ya sa ake ce mana mu yi koyi da mutanen kirki? Ya ce sa'ansa da suka yi allo tare yanzu shina loda motocin masara daga kasuwar Funtuwa, shi kuwa ko kuɗin taki bai iya haɗawa ba. Na ga tambayarsa tana cikin zukatan da yawa waɗanda suka ji nauyin furtawa, sai na nemi zaɓin Allah na rubuta wagga takarda.

Fasali na fari, a kan mene ne cin nasara

Ka sani, ya ɗana, Allah Ya shiryar da ni da kai, wanda bai san inda za shi ba, ba shi sanin ko ya iso. Cin nasara ga mutanen Allah abu uku ne: ka ci halal, mutane su kuɓuta daga hannunka da harshenka, kuma ka cika da kalmar shahada. Dukiya in ta zo bisa wannan, ni'ima ce, a gode. In ta zo ta rushe ɗaya daga ukun nan, to mai ita ya yi hasara ko da rumbunansa sun kai ɗari. Ban zargi sa'anka ba, domin fatauci sana'a ce mai albarka ga wanda ya cika mudu. Abin da na ji maka tsoro shi ne ka mai da motarsa ma'aunin da kake auna kanka da shi.

Fasali na biyu, a kan himma da ƙaddara

Gaskiya ne an rubuta rabo, wanda ya musa wannan ya fita daga tafarkin Ahlus Sunna. Amma Wanda Ya rubuta girbi Shi ne Ya rubuta shuka. Ba ka taɓa ganin manomin Dayi ya kwanta a ɗaka ranar da ruwan shuka ya sauka ba, shina cewa dawata tana Lauhul Mahafuzu. Shina fita da sungumi, ya zuba iri, ya yi noman fari, ya yi maimai, sa'an nan ya ɗaga hannu. Abin da ya ɓoyu gare ka na ƙaddara ba a kallafa maka saninsa ba, abin da aka kallafa maka shi ne aikin yau. Kuma ya inganta cewa Manzon Allah ya umarci mai raƙumi ya ɗaure dabbarsa tukuna, kāna ya dogara.

Himma kuwa ita ce fuskantar zuciya ga abu guda har gaɓɓai su bi ta. Almajirai biyu suna zaune gindin wuta guda, malami guda, tawada guda. Ɗaya ya ce a ransa, ni ɗan talaka ne, irinmu ba su haddacewa, sai allonsa ya kwana bai wanku ba. Ɗayan ya ce, Wanda Ya buɗa wa wasu Shina da ikon buɗa mini, sai ya tashi da asuba. Bayan shekara bakwai sai ka ji ana cewa wane mai rabo ne. Lalle mai rabo ne, kuma farkon rabonsa shi ne zaton alheri da ya yi wa Ubangijinsa. Mutanenmu sun ce himma ba ta ga rago.

Fasali na uku, a kan wanda ake koyi da shi

Zuciyar saurayi kamar duma take, abin da ke kusa da ita shi take hawa. In darni ne ta hau darni, in ƙaya ce ta hau ƙaya ta tsattsage. Saboda haka himma ita kaɗai ba ta isa ba, domin ɓarawon shanu ma shina da himma, shina kwana a daji ba barci.

Dubi Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, Allah Ya yarda da shi, wanda aka haifa a Maratta shekara 1754. Ƙanensa Malam Abdullahi ya ba da labari a littafinsa Ida'un Nusuhi cewa Shehu ya lizimci wani malami cikin danginsa, Usmanu Binduri, wajen shekara biyu, har ya ɗauki ɗabi'unsa na tsoron Allah da horo da alheri da hani ga mummuna. Bayan haka ya bi Malam Jibrilu ɗan Umaru har Agadas. To, ga amfanin wancan zama. Wajen shekara 1788 Sarkin Gobir Bawa Jangwarzo ya tara malamai a Magami ranar babbar salla, ya yi musu kyauta mai yawa. Shehu ya ƙi karɓar dukiyar, ya roƙi abu biyar a madadinta, cikinsu har da a bar shi ya kira mutane ga Allah, a saki 'yan kurkuku, kuma a sauƙaƙa wa talakawa haraji. Da ya tashi gaban masu kwaɗayin ƙofar fada, da hannunsa ya miƙa kafin ya yi tunani. Shehu ya rasu a Sakkwato shekara 1817, har yau ana ziyarar hubbarensa.

Haka Malam Abdullahi kansa. A shekara 1807, da ya ga son mulki da tara dukiya sun fara shiga jama'a bayan an ci yaƙi, sai ya bar rundunar ya nufi gabas. Mutanen Kano suka tsai da shi, ya rubuta musu Liya'ul Hukkami, ya karantar da su tafsiri, sa'an nan ya koma. Nasarar takobi ba ta rufe masa ido ba, domin ma'auninsa na wajen malamansa ne.

Fasali na huɗu, a kan abin da ya same ni

Ba ni faɗa muku wannan domin na tsira daga gare shi. Sa'ad da nike gardi a Zariya na ga wani mai sunan malanta wanda attajirai ke layi a zaurensa, shina da doki da riguna masu aiki. Zuciyata ta hau shi kamar duma. Na bar darasin Risala, na koma ɗaukar masa buta, na koyi yadda ake tsoratar da mai buƙata har ya kwance lalitarsa. Shekara uku na yi a haka. Na sami riga, na rasa tilawata, har na tsaya limanci na kakare a surar da na haddace tun ina yaro.

Da na komo gida cikin kunya, sai na tarad da malamina na allo a gonarsa ta auduga, shina cira shina tilawa. Bai yi mini faɗa ba. Ya miƙo mini buhu ya ce, kama daga wancan kunya, ka ja mini baƙi daga inda ka tsaya. A gonar nan na mai da abin da ya zube. Kuma a farin shekara 1973 na ga ya buɗe rumbunsa ga maƙwabta har ya ga ƙasansa, bai bar almajiri ko ɗaya ya kwana da yunwa ba. Ya rasu bai bar doki ba, amma limamai da yawa a ƙasar nan daga allonsa suka fito.

Fasali na biyar, a kan sharuɗɗan koyi

Na fari, ka duba mutum a wuri uku kafin ka ba shi zuciyarka: wajen ciniki, wajen fushi, da cikin gidansa. Rawani da dogon carbi ana saye a kasuwa.

Na biyu, ka ɗauki halinsa kafin tufafinsa. Na ga muridai sun koyi tafiyar shehinsu da irin tarinsa, ba su koyi tsayuwar darensa ba.

Na uku, koyi ba shi halatta bin kuskure. Shehu Usmanu bai daina girmama Malam Jibrilu ba, amma ya saɓa masa a kan kafirta mai saɓo, ya bayyana hujja cikin ladabi. Ma'asumi guda ne, shi ne Annabi, kowane shehi kuwa ana auna shi da Shari'a.

Na huɗu, ka kiyaye idonka. A zamaninmu sai ka yi tafiyar kwanaki kafin ka ga mai ruɗinka, yau kuwa shina cikin wayar da ke aljihunka, kana zama da shi dare da rana. Zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai.

To, ya ɗana mai tambaya, koma gonarka da niyya sabuwa. Riƙe lazimi safe da maraice, kada ka bar wazifa cikin jama'a, nemi dattijo guda mai cin guminsa ka lizimce shi, kuma ka yi wa sa'anka addu'ar albarka domin hassada ta fita daga zuciyarka. In Allah Ya yalwata maka, ka tuna da rumbun malamina. In Ya ƙuntata, ka tuna da Magami. Kuma ka sani akwai ƙaramin yaro a zauren nan da ke kallon yadda kake alwala.

Allah Ya ɗaukaka himmarmu, Ya haɗa mu da mutanen kirki duniya da lahira, Ya gafarta wa iyayenmu da malamanmu. Wanda ya karanta, ya sa marubucin cikin addu'a. Ta cika da godiyar Allah da kyakkyawan taimakonSa. Amin.