Gaisuwa da Kariya: Iyakar Biyayya Tsakanin Damagaram da Barno

Tambayar ko biyayya ga uban ɗaki na nesa wajibi ce ta har abada, ko kuwa tana da sharaɗin da faɗuwarsa ke sauke ta, tsohuwa ce a fiƙihu da falsafar mulki, kuma tarihin Damagaram ya fito da ita fili. A ƙarni na 19 sarakunan Damagaram da ke Zinder suna ƙarƙashin Shehunan Barno, suna aika wa fadarsu ta Kukawa gaisuwa, wato harajin da ƙaramar sarauta ke kai wa babba domin tabbatar da caffa, ita kuwa babbar ta ɗauki nauyin kariya da sasanta rikicin gadon sarauta.

Malaman Sunna sun tsananta wajen hana bagayu, wato fita daga ɗa'ar shugaba Musulmi da makami, saboda sun auna cewa ɓarnar fitina ta kan zarce ta zalunci. Sai dai sun kuma ɗauki mubaya'a a matsayin alƙawari mai ɓangare biyu, wanda ke ɗora wa shugaba tsare rayuka da dukiyoyi. Wannan ɓangare na biyu shi ne ya yi rauni a 1846, lokacin da rundunar Shehu Umar ta tafi ladabtar da Zinder, sai daular Wadai ta shigo Barno ta gabas ta ɓarnata Kukawa. Daular da ta kasa tsare gidanta, da wuya ta gamsar da barorinta cewa gaisuwarsu tana saya musu aminci. Sarki Tanimun na Damagaram, wanda ya rasu a 1884, ya ƙarfafa ganuwar birni, ya tara bindigogi, ya sa aka ƙera igwa, har biyayyar ta koma ta suna tun kafin mayaƙin nan Rabe ya ci Barno a 1893.

Mazauna yankunan Ingila goma sha uku a Amurka sun fuskanci irin wannan tambaya bayan dokar harajin hatimi ta 1765, inda suka kafa hujja da cewa majalisar da ba su da wakili a cikinta ba ta da ikon aza musu haraji, gardamar da ta kai ga shelar ƴanci a 1776. Hujjarsu ta rataya ne a kan yarda, ta Damagaram kuwa a kan kariya, amma dukansu sun ginu bisa fahimtar cewa mulki amana ne mai sharaɗi.

Nauyin wannan hujja yana komawa kan mai kafa ta, domin Damagaram da ta sassauta igiyar Kukawa ta ɗaure maƙwabta irin su Muniyo da tata, tana kuma cinikin bayi, kamar yadda Amurkawa suka riƙe bauta har 1865. Saboda haka ingancin fita daga ɗa'a yana bukatar shaida biyu, gazawar uban ɗaki da kuma adalcin wanda ya fita ga na ƙasa da shi, kuma ta biyun ce ƙasashen biyu suka kasa kawowa.