Addu'a ko Magani?

Wani dattijo na ikilisiyarmu, mai sayar da fata kusa da Jakara, ya ji ƙirjinsa ya ɗaure, ciwon yana gangarowa hannun hagu. A Asibitin Murtala likita ya ce kitse ya toshe jijiyar da ke ciyar da zuciya, kamar yadda shara kan toshe magudanar Jakara da damina. Ya sami sauƙi, amma ya tambaye ni ko shan magani kullum rashin bangaskiya ne.

'Yan'uwa, ku tuna da Sarki Hezekiya. Allah ya ji addu'arsa, duk da haka aka ɗora masa curin ɓaure. Mai ba da rai, shi ya ba likita sani. Wanda ya bar magani domin ya gwada Allah, zunubi ya yi. Mu yi addu'a, mu kuma sha magani.