Darasi Na Sha Huɗu: Mudu Biyu a Gida Ɗaya

Karatu: Amos 8:4-8, da Kubawar Shari'a 25:13-16. Bari mai koyarwa ya sa mutum biyu su karanta wuraren nan a hankali, jama'a suna saurare, kafin a shiga darasi.

1. Kasuwa a Zamanin Amos

Amos makiyayi ne na Tekowa cikin ƙasar Yahuda. Ubangiji ya aike shi arewa zuwa Isra'ila a kwanakin sarki Yerobowam na biyu, wajen shekara 760 kafin haihuwar Kristi. A lokacin ƙasar tana cikin wadata, wuraren sujada kuma suna cika da mutane. 'Yan kasuwan da Amos ya tsauta musu masu kiyaye Asabar ne, suna rufe rumfunansu a ranar hutu, amma zuciyarsu tana ƙosawa ranar ta wuce su koma ga ciniki.

Annabin ya lissafta laifi huɗu. Suna rage efa, wato mudun hatsi na Ibraniyawa, wanda ya ke ɗaukar wajen lita 22. Suna ƙara nauyin shekel. A zamanin nan ba a fara buga kuɗi ba tukuna, sai a auna azurfa bisa ma'auni da dutse mai nauyin wajen giram 11. Idan dutsen ɗan kasuwa ya fi nauyi, mai saye zai ƙara azurfa bai sani ba. Suna kuma karkata ma'aunin kansa. Na huɗu, suna share ƙaiƙayi da tsakuwa daga ƙasa su zuba cikin alkama. Da haka matalauci ya kan biya da yawa, ya karɓi kaɗan, kaɗan ɗin ma ba mai kyau ba, har bashi ya kai shi ga bauta. Ubangiji ya rantse ba zai manta da ko ɗaya daga cikin ayyukan nan ba.

2. Algus Cikin Zuma

Mu lura da aikin ƙudan zuma. Su kan kwaso ruwan fure su kai cikin amya, su yi ta fifita shi da fukafukai har ruwan da ke ciki ya ragu ƙasa da kashi ɗaya cikin biyar, sa'an nan su rufe saƙa da kaki. Domin wannan zuma nunanniya ta kan daɗe ba ta yi tsami ba. Mai algus kuwa ya kan narka sukari ko mazarƙwaila a tukunya, ya zuba zuma kaɗan saboda ƙanshi, ya ɗura a kwalba, wani lokaci har ya jefa guntun saƙa a ciki domin ido ya yarda.

Wannan cuta ba a kasuwanninmu kaɗai ta ke ba. A shekarar 2023 Tarayyar Turai ta bayyana binciken da ta yi a kan zuma 320 da aka shigo da su daga ƙasashen waje. An yi zargin algus cikin 147, wato kashi 46 cikin ɗari. Gwaje-gwajen da a kan yi a gida, da ashana, ko da ɗigawa cikin ruwa, ko da tururuwa, ba abin dogara ba ne, gama mai algus ma ya san su. Mai saye ba shi da madogara sai amanar mai sayarwa. Mace ta kan sayi kwalba domin tarin mijinta ko domin ƙunar wuta a hannun ɗanta, tana zaton magani ta kawo gida, ashe ruwan sukari ne.

3. Lita da Farashi

A ranar 29 ga Mayu, 2023, shugaban ƙasa Bola Tinubu ya sanar cewa tallafin man fetur ya ƙare. Cikin 'yan kwanaki lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa wajen naira 500, a shekarar 2024 kuma ta haura naira 1,000 a wurare da yawa. Kuɗin mota ya tashi, hatsi ya bi shi.

A nan wajibi ne mu rarrabe abu biyu. Wanda ya sayo kaya da tsada ya sayar da tsada bai yi zunubi ba, riba ta gaskiya kuwa hakkin mai wahala ce. Amma akwai hanya uku da ake cin amana. Ta fari ita ce taɓa famfo, allo ya nuna lita goma, tanki ya karɓi tara; wannan ita ce efa ta Amos da sabuwar riga. Ta biyu ita ce ɓoye kaya: a rufe gidan mai da rana a ce babu, da dare a ɗura wa 'yan bumburutu cikin jarka. Misalai 11:26 ta koya mana cewa jama'a su kan la'anta mai ɓoye hatsi, albarka kuwa tana kan wanda ya fito da shi ya sayar. Ta uku ita ce gauraya. A watan Fabrairu na 2022 an shigo da fetur mai metanol fiye da kima cikin Nijeriya, motoci suka lalace, aka janye shi, layi ya yi tsawo a Legas da Abuja. Kananzir da aka gauraya da fetur kuwa ya kan fashe cikin fitila ko risho, wanda ya ke kusa da wutar kuma sau da yawa mace ce ko yaro.

4. Dalilin da Allah Ya Kula da Mudu

Wani zai ce, ina ruwan Maɗaukaki da kwalbar zuma? Shari'ar Musa ta hana a ajiye duwatsun awo iri biyu cikin jaka ɗaya, ko mudu biyu cikin gida ɗaya, babba na saye da ƙarami na sayarwa, ta kuma kira mai yin haka abin ƙyama ga Ubangiji. Da kalma mai nauyi irin wannan ake kiran bautar gumaka. Mai tauye mudu yana aikinsa bisa ga zato cewa ba mai gani, wato a cikin ransa ya riga ya ce Allah makaho ne. Ya kuma karya doka biyu da hannu ɗaya, gama ya yi sata, ya yi ƙarya.

Ishaya 1:22 ta kwatanta lalacewar Urushalima da ruwan inabi da aka tsarma da ruwa. Cikin fassarar Helenanci ta wannan aya akwai kalmar da ake kiran ƙananan dillalai masu yin haka, daga tushenta kuma Bulus ya ɗauko maganarsa cikin 2 Korintiyawa 2:17, inda ya ce shi da abokan aikinsa ba su yin irin wannan ciniki da maganar Allah. Ashe mai wa'azi ma yana iya yin algus, idan ya tsarma gaskiya domin ta yi daɗin sayarwa. Maƙwabcin da ya tarar da sukari cikin zumarmu, ta yaya zai gaskata bisharar da mu ke kawo masa?

5. Abin da Ya Wajaba a Gare Mu

Mai sayarwa ya kira kaya da sunansa. Sayar da ruwan sukari ba laifi ba ne idan an ce ruwan sukari ne. Wanda ya riga ya cuci mutane ya tuna da Zakka, wanda tubansa ya kai har ga aljihu, ya yi alkawarin mayar da ninki huɗu (Luka 19:8). Gafara kyauta ce ta wurin Yesu Kristi, amma wanda aka gafarta masa ba ya riƙe kayan sata.

Mai saye shi ma yana da nasa awo. Idan mun matsa wa mai amya ya ba mu zuma a farashin sukari, mun tura shi ga jaraba. Idan kuma an cuce mu, kada mu yi shiru mu ce haƙuri ne, gama na bayanmu a layi shi ma za a cuce shi. Hukumar NAFDAC, wadda aka kafa a 1993, tana duba abinci da magani. NMDPRA tana duba gidajen mai, ta kan kuma rufe waɗanda aka kama suna tauye lita. FCCPC tana karɓar ƙarar masu saye. Kai ƙara da gaskiya, ba tare da ƙiyayya ba, ƙaunar maƙwabci ce.

Mafi wuya shi ne halin ɗan'uwa mai aiki a gidan mai, wanda ya gane an taɓa famfon da ya ke riƙe, ga mata da 'ya'ya a gida. Ba za mu ce masa abu ne mai sauƙi ba. Ya fara yi wa maigidansa magana da ladabi. Idan an ƙi ji, ba zai iya ci gaba da miƙa hannunsa ga sata ba. Amma ikilisiyar da ta ce masa ya tsaya a kan gaskiya, lalle ne ta ɗauki nauyin abincin gidansa, ta kuma taya shi neman wani aiki.

Tambayoyi

1. Mene ne laifi huɗu da Amos ya lissafta? Wanne ne aka fi gani a kasuwar garinmu?
2. Ina bambanci tsakanin riba ta gaskiya da cin amana?
3. Idan ɗaya daga cikinmu ya rasa aikinsa saboda ya ƙi tauye awo, me za mu yi masa a makon nan?

Ayar haddacewa: Misalai 11:1.

Addu'a

Ya Ubangiji, kai da ka ke auna zukata, ka tsarkake hannuwanmu cikin saye da sayarwa. Ka ba mu mudu ɗaya da magana ɗaya. Ka ƙarfafa 'yan'uwa waɗanda gaskiya za ta jawo musu hasara, ka kuma buɗe hannuwanmu mu taimake su. Cikin sunan Yesu Kristi Ubangijinmu. Amin.