Wanda bai ɗanɗana ba, yana da bakin magana?

Akwai wata hujja da ake yawan jefa wa matasanmu, kuma sau da yawa takan rufe musu baki: "Kai da ba ka taɓa ɗanɗanawa ba, me ka sani a kai?" Da ita ake miƙa wa yaro kwalbar farko, da ita ake miƙa masa ƙwayar farko. Tana da kaifi ne domin rabinta gaskiya ne.

Mu ɗauki misalin da ya fi nisa da mu. Wayar hannu ta kawo mana har Kambaza bidiyon wasu Amurkawa da aikinsu ke nan ɗanɗana wata giya mai suna bourbon, su ba ta maki. Asalinta masara ce, irin wadda muke gasawa da damina. Dokar Amurka ta ce sai masara ta kai kashi 51 cikin ɗari na hatsin da aka yi ta da shi, sannan a adana ta cikin sabuwar gangar katako da aka babbake cikinta da wuta. Mafi yawanta a jihar Kentaki ake yi. Wadda aka fi rage wa ƙarfi, kashi 40 cikin ɗari nata sinadarin maye ne. Wadda masu ɗanɗanon suka fi yi wa kirari kuwa, wato wadda aka ɗura daga ganga ba a sirka ba, takan kai kashi 60 ko fiye, ninkin giyar kwalba ta yau da kullum sau goma da ɗoriya. Mutumin zai shinshina, ya kurɓa, ya juya ta a baki, ya ce ya ji zuma, ya ji kirfa, ya ji hayaƙin itace.

A kan wannan ba mu da ta cewa, kuma gara mu yarda da haka. Wasunmu, don son kare yara, sukan ce ai ba komai cikin giya sai ɗaci da wari. Niyyar mai kyau ce, amma shaidar zur ce, tunda ba su sha ba. Ranar da yaron ya kurɓa ya ji saɓanin haka, duk sauran abin da aka gaya masa zai zubar tare da wannan ƙaryar. Alƙur'ani kansa bai bi wannan hanya ba. Aya ta 219 a Suratul Baƙara ba ta musanta cewa mutane na samun wani amfani a giya ba, aunawa ta yi, ta nuna ɓangaren da ya rinjaya.

To, inda hujjar take yin sata shi ne ta haɗa hukunci biyu ta mai da su ɗaya. Akwai hukuncin harshe: yana da daɗi ko babu. Akwai kuma hukuncin ko ya kamata a sha. Na farko sai wanda ya ɗanɗana. Na biyu kuwa harshe ba shi da ilimin da zai yanke shi. Harshe ba ya jin abin da ke faruwa a hanta. Bai san cewa tun 1988 cibiyar binciken cutar daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa giya cikin jerin abubuwan da aka tabbatar suna jawo cutar ba, bai kuma san hukumar ta ƙiyasta mutum miliyan 2.6 ne giya ta yi sanadin mutuwarsu a 2019 ba.

Wani zai ce ai ba ma sayen goro sai mun ɓantara, mai shayi ma sai ya kurɓa kafin ya zuba wa majalisa. Haka ne. Kuma ba za mu ce goro da shayi ba sa taɓa jiki ba, duk wanda ya kwana ido biyu bayan kofi uku na ataya ya sani. Amma dillalin goro zai ɓantari goro ashirin, hankalin da ya auna na farko da shi, shi ne zai auna na ashirin. Giya ba haka take ba. Abin da ake yi wa shari'a ne yake shiga kan alƙali ya zauna. Mu mutanen ƙasar Gwandu, garin Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, ba baƙi ba ne ga ƙa'idar cewa alƙali ba ya yanke hukunci yana cikin fushi. In fushi kaɗai ya isa a ɗage zama, ina ga wanda mai ƙara ya riga ya shayar?

Abin sha'awa, ƙwararrun can sun fi kowa sanin wannan. A wuraren gasa sukan tofar da abin da suka kurɓa. Mai ƙarfin nan kuma sukan ɗiga mata ruwa, domin zafinta yana kashe harshe, ya rufe ƙamshin da ake nema. Wato su da kansu sai sun yi nesa da ita kafin su amince da hukuncinsu. Yaron da aka ce wa "gwada ka gani" ba a ba shi kwanon tofarwa ba. Haɗiyewa ake so ya yi.

Mu da ke rubuta manhajar kwamfuta, ba ma gwada abin da ba mu amince da shi ba a kan na'urar da ake aiki da ita. Muna da ta gwaji a gefe, in ta lalace a goge a sake. Ɗan Adam ba shi da kai na gwaji. Wanda zai gwada da shi, shi ne wanda zai yi salla da shi, ya tuƙa babur zuwa Birnin Kebbi da shi, ya yanke shawarar ko zai sake sha da shi.

Bourbon dai ba ta zo kasuwarmu ba, da wuya kuma ta zo. Abin da ya zo mana maganin tari ne mai kodin. Shi ma zaƙi gare shi, yaran da suka ce yana da daɗi ba su yi ƙarya ba. A watan Mayun 2018, bayan wani rahoton bincike na BBC, gwamnatin tarayya ta hana haɗa shi da shigo da shi. Amma tun kafin nan akwai waɗanda suka riga suka yanke masa hukunci: uwar da ta ga ɗanta yana barci har azahar, malamin da ya ga kujera ta zama fanko, matar aure da kuɗin cefane suka fara ɓacewa daga ƙarƙashin katifarta. Babu ko ɗaya cikinsu da ya taɓa kai kwalbar baki.