Na Bakin Fili Ya Fi Kowa Iya Ƙwallo

'Yar'uwa mai karatu, na san za ki ce ina ruwan mace da zancen ƙwallo, mu da iyakarmu da ita mu ji ihun maza daga gidan kallo, ko yaro ya shigo da ƙafa a kumbure mu nemi man zafi. Ni ma da haka na ɗauka. Sai da ƙwallon nan ta shigo har tsakar gidanmu ta sa matar ƙanina kuka, sannan na zauna na yi mata karatun ta-natsu, na gane ashe zancen haƙuri ne, abin da mu mata muka fi kowa jin sunansa tun daga ranar da aka kai mu ɗaki.

Ƙanina malamin makaranta ne a nan yankinmu na Tafoki, shi ne kuma aka ɗora wa horar da yaran makarantar ƙwallo, har sunan Koci ya bi shi ya danne na yanka. Kin dai san halin da ƙasar Faskari da Sabuwa da Ƙanƙara suka shiga. A watan Disamba na 2020 aka kwashe ɗalibai sama da 300 daga makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara, a 2021 kuma aka katse mana layukan waya, aka tsayar da kasuwannin mako. A tsakanin nan samari da yawa suka watse, wasu Funtuwa, wasu Zariya, wasu Kano, wasu har Abuja wajen kabu-kabu. Manyan yaran da makarantar take taƙama da su a fili duk suka tafi. Da ƙura ta ɗan lafa aka ce a tayar da ƙwallo, sai ya waiga bai ga kowa ba sai 'yan aji biyu da aji uku, 'yan shekara goma sha uku zuwa sha huɗu, waɗanda rigar wasa take sauko musu har gwiwa. Da su ya fara.

Wasan farko aka zura musu shida ba ko ɗaya. Na biyu huɗu. Shekara ta zagayo ba su ci wasa ba sai kunnen doki guda ɗaya. To fa, nan bakin mutane ya buɗe. A majalisar mai shayi shi ne abin hira, a bakin masallaci ana nuna shi da baki, yara suna binsa suna kiran "Koci shida". Wani mai kuɗi ya same shi ya ce zai kawo masa 'yan haya daga birni, ƙarti masu aske gemu kullum, a sa musu rigar makaranta a ce ɗalibai ne. Ya ce ba zai yi ba. Sai aka ce ai ga shi bai iya ba, ga girman kai.

Ranar da matarsa ta shigo mini idonta jawur, cewa ta yi, "Yaya, don Allah ki yi masa magana, ke yake jin maganarki. Yau a wajen suna aka ce mini wai in koya wa mijina tuƙin tuwo, ya fi masa ƙwallo." Wallahi raina ya ɓaci. Da yamma na aika aka kira shi, na ce, "Kai Malam, me aka taɓa ba ka a wannan abin? Ko sisi ba a ƙara maka a albashi, sai zagi. Ka ajiye musu kayansu." Bai ɗaga murya ba, ya ce, "Yaya, ki ba ni shekara uku. Yaran nan ba su san tsoro ba tukuna, in na sake su yanzu shi za su koya."

Innarmu tana gefe tana gyaran wake, duk tana jinmu. Bayan ya fita sai ta ce, "Ke kin manta tuwonki na farko a gidan miji? Wanda aka ce ko kaza ta ƙi shi? Da uwar mijinki ta kore ki a kansa, yau wa zai ce kin iya girki?" Na yi shiru, don gaskiya ta faɗa. Wata uku na yi ina ɓata musu gari, baiwar Allah nan ba ta taɓa kai ƙarata ba, sai dai ta zo ta tsaya a kaina ta ce in rage ruwa, in jira ruɗe ya dahu.

Tun daga ranar na fara tambayar maigida labarin ƙwallo, har yana mini dariya wai ko littafina na gaba a kan 'yan wasa zan yi. Abin da na ji ya ba ni mamaki. Ashe kocin da 'yan Najeriya suka fi yabo, Clemens Westerhof mutumin ƙasar Holan, da kashi ya fara. A 1989 aka ɗauke shi, aka je Kamaru aka sha kaye, aka rasa gurbin zuwa gasar kofin duniya. A 1990 aka tafi gasar kofin Afirka a Aljeriya, wasan farko masu masauki suka ci mu biyar da ɗaya. Ki ƙaddara irin zagin da ya sha a lokacin. Amma aka bar shi. A wannan gasar dai ya kai mu wasan ƙarshe, a 1992 a Senegal muka zo na uku, sai a 1994 a Tunisiya muka doke Zambiya biyu da ɗaya muka ɗauko kofi. A shekarar ce kuma Najeriya ta fara zuwa gasar kofin duniya a Amurka, inda Rashidi Yekini ya ci mana ƙwallon farko a ragar Bulgeriya. Shekara biyar ke nan daga shuka zuwa girbi. Haka ma Alex Ferguson na Manchester United da mazanmu suke ta ambato: a ƙarshen 1986 ya kama aiki, bai ɗauki kofin komai ba sai 1990, bai ci gasar ƙasar ba sai 1993, amma kafin ya ajiye aiki a 2013 ya ci ta sau 13.

Sai kuma ɗaya ɓangaren. Marigayi Shaibu Amodu, ɗan ƙasa ne namu, sau biyu yana sama wa Najeriya gurbin zuwa kofin duniya, na 2002 da na 2010, kuma sau biyun ana sauke shi ana saura watanni a tafi, bayan ya zo na uku a kofin Afirka. Shi ya yi noma, wani ya shiga rumbu. Allah sarki.

Ba ma sai mun yi nisa ba. Kano Pillars, Sai Masu Gida, sau huɗu suna cin gasar ƙasar nan, a 2008 da 2012 da 2013 da 2014. Da abubuwa suka taɓarɓare musu, a watan Afrilu na 2022 suka karɓi baƙuncin tamu Katsina United a filin wasa na Sani Abacha. Wasu daga cikin 'yan kallo suka kasa riƙe zuciyarsu, aka tayar da yamutsi, aka farfasa motar baƙi. Me ya biyo baya? Aka ci ƙungiyar tara, aka mayar da wasanninta na gida Abuja, inda yawancin masu sonta ba za su iya zuwa ba. A ƙarshen kakar nan Pillars ta faɗa rukuni na ƙasa, ita ma Katsina United ta faɗa, sai a 2023 suka dawo tare. Kin ga masu jifan nan don so suka yi, in kin tambaye su haka za su ce, amma ƙungiyar da suke so ita ta biya kuɗin fushinsu. Sauri ya haifi nawa ke nan.

To amma kada ki ce na zo in yi miki wa'azin nan da muka gaji da ji, na "ki yi haƙuri" ko da ana yanka ki. Mu mata mun san yadda ake ɓoye zalunci a bayan kalmar nan. Miji ya hana ci ya hana sha, a ce ki yi haƙuri. Ya ɗaga hannu ya doke ki, a ce mai haƙuri yakan dafa dutse. Mace nawa ta tsufa tana hura wuta a ƙarƙashin dutsen da ba zai taɓa dahuwa ba? Abin dariya kuma, mazan da suke ba mu haƙurin shekara ashirin su ne ba sa iya haƙurin minti casa'in a gaban talabijin. Don haka tambayar da ta dame ni ita ce: wa ya cancanci a yi masa haƙuri, kuma ta yaya za a gane shi tun kafin a ga sakamako? Don shi ma ɗan kallo yana da hakki. Ya biya kuɗin shiga, ya bar sana'arsa ya zo ya tsaya a rana, ba laifi ba ne in ya tambayi ina aka dosa. Akwai kocin da ya kamata a sallama, kamar yadda akwai auren da rabuwa ta fi zamansa alheri.

Don in samu amsa sai na sa hijabina wata Laraba da la'asar na bi ta bayan filin makarantar kamar mai wucewa, na tsaya a gindin darbejiya ina kallon atisaye. Shi ya riga kowa zuwa, shi ya share ƙayar da ke bakin raga. Yaron da yake tsaron gida, wanda aka zura wa shida, na ga ya tsayar da shi shi kaɗai yana ta buga masa ƙwallo, ya faɗi ya tashi, ya faɗi ya tashi, har ya fara kamawa. Wani yaro ya zo a makare, ya tambaye shi ko ya shiga aji yau, da ya ce a'a ya ce to ya zauna a benci. Da aka tashi ya tara su ya ce kashin da aka sha ranar Asabar laifinsa ne, shi ya tsara su ba daidai ba. Ban ji ya ce alƙalin wasa ne ya cuce su ba, ban ji ya ce an yi musu asiri ba.

A hanyar komawa gida na tuna maganar mutanen da, cewa Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta. Mai gini ba ya ɓuya. Ko bango bai tashi ba za ki ga tubali a jere, za ki ga laka a ƙafarsa. Idan ya ce a ba shi lokaci yakan faɗi iyakar lokacin, kamar yadda ƙanina ya ce shekara uku, bai ce sai baba-ta-gani ba. Idan ya yi kuskure yakan ce nawa ne. Sannan in kin auna bana da bara za ki ga an matsa, ko da taku ɗaya ne: wanda ake ci shida ya koma ana cinsa biyu. Shi kuwa mai cin amanar haƙuri, kullum labarinsa ɗaya, kullum laifin wani ne, kuma in kin tambaye shi yaushe, sai ya hau ki da faɗa. Na farko in kin ƙi yi masa haƙuri kin zalunce shi. Na biyu in kin ci gaba da yi masa, kanki kika zalunta.

Mu manoma ne a ƙasar nan, bai kamata wannan ya zame mana baƙon abu ba. Masara wata uku zuwa huɗu ta isa girbi, amma wanda ya dasa mangwaro ya san sai ya yi shekaru yana ban ruwa yana kare shi daga awaki. Ba mai hankalin da zai tone dashe kowane mako don ya ga ko ya yi saiwa. Haka muke yi wa mutane kuwa. Amarya ta zo wata biyu, mun yanke mata hukunci ba ta iya komai ba. 'Yar riƙo ta fasa kwano, mun ce ba za ta yi albarka ba. Maigida jarinsa ya karye a rikicin nan, ya koma yana tattara na kayan miya da ƙyar, mun fara yi masa gorin gidan maƙwabta. Yaro ya faɗi jarrabawa sau ɗaya, mun ce a cire shi a kai shi gareji. Duk muna bakin fili muna ihu, kuma na bakin fili ya fi kowa iya ƙwallo, tunda ba shi ke gudu ba.

Kada ki zaci zan ce miki ƙanina ya ɗauko kofi. Bai ɗauko ba. Bana ce shekara ta uku, sun ci wasa biyu, an cinye su uku, na ƙarshen ma ɗaya mai ban haushi ana dab da tashi. Har yanzu akwai masu cewa a canza shi, kuma mai yiwuwa a canza ɗin, wani ya zo ya tarar da yaran sun girma a ce shi ne gwani. Na faɗa masa haka, sai ya yi murmushi ya ce, "To Yaya, ai yaran dai sun iya." Ni kam na janye maganata ta farko, na kuma je na ba matarsa baki, na ce duk wadda ta sake yi mata gorin tuwo ta turo mini ita.

Yanzu duk ranar wasa nakan dama kunun aya in cika jarka in ba yara su kai musu fili, a ci su ko su ci. Ke ma 'yar'uwa, ki duba cikin gidanki, wataƙila akwai wanda yake gini kina tsaye a kansa kina ƙirga masa faɗuwa. Kafin ki ce ya ajiye, ki je ki ga Larabarsa tukuna.