Asarar Wane Ne Gidan da Teku Ya Ci?

A kudancin Jihar Ondo, cikin Ƙaramar Hukumar Ilaje, akwai wani ƙaramin gari a bakin Tekun Atlantika da ake kira Ayetoro. Ma'anar sunan da Yarabanci ita ce duniya ta zauna lafiya. Masunta ne suka kafa shi a shekarar 1947, 'yan wata ƙungiyar addu'a da ke kiran kansu Manzanni Masu Tsarki. Sun sha tsanani a garuruwansu na asali saboda sun ƙi wasu al'adu, ciki har da kashe tagwaye, sai suka fito suka nemi wurin da ba wanda yake so. Wurin da suka samu taɓo ne da ruwan gishiri. Suka kafa gidaje a kan ginshiƙan itace, suka shimfiɗa katako ya zama musu hanya daga ƙofa zuwa ƙofa.

Ba da daɗewa ba suka yanke shawara su yi rayuwa irin ta masu bi na farko da aka ba da labarinsu a Ayyukan Manzanni. Kifin da aka kama na gari ne, kuɗin da aka samu asusun gari yake shiga, abinci da sutura kuma daga wurin gari kowa yake karɓa. Da wannan haɗin kai suka haƙa mashigin ruwa da hannuwansu, suka ƙera jiragen kamun kifi, suka buɗe masaƙa da gidan burodi da makarantar koyon sana'a. A shekarun 1950 garin ya riga ya sami wutar lantarki, a lokacin da manyan garuruwa da yawa na ƙasar nan ke kwana da fitilar kananzir.

Yau teku yana cin Ayetoro. Gaɓar wannan yanki laka ce mai laushi, raƙuman ruwa suna kwashe ta da sauƙi. Ruwan teku yana ƙara hawa a duniya duka, itatuwan bakin ruwa da jijiyoyinsu ke riƙe ƙasa sun ragu, mutanen garin kuma suna ɗora wani ɓangare na laifin a kan ayyukan haƙar mai a kusa da gaɓarsu. Gidaje da shaguna da wuraren sujada sun nutse, an ɗaga makarantu daga inda suke fiye da sau ɗaya. Mazauna garin suna cewa abin da ruwa ya cinye ya fi abin da ya rage. Hukumar raya yankin Neja Delta ta ba da kwangilar kare gaɓar a 2004, aka sāke bayarwa a 2009, amma har yanzu garin bai sami katangar da za ta tsare shi ba.

'Yan'uwa, a nan tambayarmu take. Teku ba ya haɗiye gari a dare ɗaya. Gidan da ke layin gaba yake fara ci, sa'an nan na bayansa. Ranar da gida na farko ya faɗi, asarar wane ne? Ta mai gidan ce shi kaɗai, ko ta gari ce duka? Amsar da jama'a suka ba wannan tambaya ita ce ke nuna ko su al'umma ce, ko kuwa mutane ne kawai da suka yi dacen zama kusa da juna.

Amsa mafi sauƙi ita ce a ce hukunci ne. Garin da aka kafa bisa addu'a ya shiga wannan hali, ai sai an yi zunubi. Gaskiya ne tsarin tarayyar dukiya ya fara sassautawa tun ƙarshen shekarun 1960, mutane suka koma neman na kansu, kuma wani zai iya cewa ga sakamakon. Amma Ubangijinmu Yesu ya rufe wannan ƙofa. Da aka yi zancen mutum goma sha takwas da hasumiyar Siluwam ta faɗa wa, ya nuna sarai cewa ba su fi sauran mutanen Urushalima laifi ba, ya kuma juyo da maganar tuba kan masu sauraronsa. Wanda ya ce masifar maƙwabcinsa hukunci ce, sau da yawa hanyar naɗe hannu yake nema. Idan Allah ne ya kā da gidan, me ya rage mini in yi? Ta haka ake sa wa rowa rigar tsoron Allah.

Akwai kuma wanda zai ce, gidana yana can ciki, ruwa bai iso ni ba. Hausawa suna cewa in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Karin maganar yana da hikima, amma rabin hanya ya tsaya. Ya koya mana tsoron wuta, bai ce komai ba game da ɗan'uwan da gemunsa ke ci. Mai bin Almasihu ɗan'uwan zai fara kai wa ruwan. A bakin teku ma lissafi yana goyon bayan ƙauna, gama gidan da ke layin gaba shi ne garkuwar na bayansa. Ranar da ya faɗi, wanda yake na biyu ya zama na farko. Saboda haka mutumin da ya yi shiru sa'ad da ruwa ke cin gidan maƙwabcinsa ya yi shiru ne a kan nasa gidan, lokaci kawai ya raba su.

Littafin Nehemiya ya nuna mana yadda jama'ar Allah suka fuskanci irin wannan al'amari. Garun Urushalima a rushe yake, kuma garu abu ne da ba ya amfanin kowa sai ya kewaye kowa. In an bar kafa ɗaya a buɗe, aikin sauran duka ya tashi a banza. Sura ta uku ta jera sunayen maginan. Firistoci sun yi gini, maƙeran zinariya da masu haɗa turare sun bar sana'arsu sun ɗauki dutse, wani shugaba mai suna Shallum ya yi aiki tare da 'ya'yansa mata. Da yawa sun gyara ɓangaren da ke daura da gidajensu. Amma mutanen Yariko da na Tekowa daga wasu garuruwa suka zo, garun ba zai kewaye gidajensu ba, duk da haka mutanen Tekowa ɓangare biyu suka gyara. Littafin bai ɓoye ba cewa manyan Tekowa sun ƙi sa hannu. An rubuta masu aiki, an kuma rubuta masu ƙi. Cikin kwana 52 aka gama.

To, shin darasin ke nan, jama'a su tashi su yi wa kansu komai? A nan labarin Ayetoro ya fi wuya, dole mu faɗi gaskiya. Mutanen da suka haƙa mashigin ruwa da hannu, suka ƙera jirage, ba za su iya tare Tekun Atlantika da baikon ranar Lahadi ba. Katangar teku tana bukatar manyan duwatsu da injinan haƙa da ƙwararrun injiniyoyi da kuɗin da ya fi ƙarfin ƙaramin gari. Akwai nauyin da hannun zumunci ba ya ɗauka, domin wannan ne aka kafa hukuma, ake kuma biyan haraji. Nehemiya kansa bai raina wannan ba. Kafin ya bar fada ya roƙi Sarki Artashate takardun wucewa da katako daga kurmin sarki. Ya yi addu'a, ya kuma buɗe baki a gaban mai mulki.

Sai dai cewa aikin gwamnati ne ba ya sauke mana nauyi, sāke masa kama yake yi. Idan aikin ya fi ƙarfin hannunmu, bai fi ƙarfin bakinmu ba. Kwangilar da aka bayar ba a gama ba kuɗin jama'a ne, kuma tambayar inda ya shiga ba rashin ladabi ba ne ga shugabanni. Manzo Bulus, wanda ya koya mana biyayya ga hukuma, ya kira mai mulki bawan Allah domin amfanin jama'a. Bawa kuwa ana tambayarsa lissafi. Bulus ɗin nan a Filibi ya ƙi fita daga kurkuku a ɓoye bayan an yi masa dūka ba bisa doka ba, sai da mahukunta suka zo da kansu. Mai bi yana yi wa kansila da ɗan majalisa da gwamna addu'a, yana kuma rubuta musu takarda, yana zuwa taron gari, yana tunawa da alkawarinsu ranar zaɓe. Wanda ya karɓi 'yan kuɗi ya sayar da ƙuri'arsa ya taimaka wajen rushe katangar da ba a riga an gina ba.

Wani zai tambaya ko ana kiranmu mu zuba dukiyarmu a asusu ɗaya kamar yadda Ayetoro ta yi. Littafi Mai Tsarki bai ɗora wannan a kan kowa ba. Bitrus ya tuna wa Hananiya cewa gonar tasa ce kafin ya sayar, kuɗin ma a ikonsa yake bayan sayarwa. Laifinsa ƙarya ne. Tarayyar masu bi na farko daga zuciya ta fito, kuma inda aka mai da irinta doka, takan zo da tilas da gunaguni. Amma ko da kowa ya riƙe gonarsa da jakarsa, akwai abubuwan da ba sa rabuwa. Gaɓar teku ba ta rabuwa. Haka rijiyar unguwa, da magudanar ruwa, da makarantar firamare, da asibitin sha-ka-tafi, da zaman lafiya tsakanin maƙwabta masu addini daban. Waɗannan ko dai a kiyaye su tare, ko a rasa su tare.

Yawancinmu ba mu taɓa ganin teku ba, amma kowace unguwa tana da gidan da ke layin gaba. Wani gidan a bakin kwari yake, kowace damina ruwa na yanke masa ƙasa. Wani na gwauruwa ne da ke can ƙarshen gari inda famfo ba ya kaiwa. Sharar da muke zubawa a kwata da dare, ba ƙofarmu take toshewa ba, ta wanda ke gangare take ambaliya. Sau nawa dattawan ikkilisiya suka zauna a kan kuɗin sabon rufin majami'a, sau nawa kuma suka zauna a kan hanyar da mai naƙuda ke bi zuwa asibiti? Annabi Irmiya ya rubuta wa Yahudawan da aka kai bauta Babila ya ce su nemi alherin birnin, su yi masa addu'a, domin zaman lafiyarsu a ɗaure yake da nasa. Idan an nemi haka daga bayi a ƙasar waɗanda suka ci su da yaƙi, ina ga mu da muke zaune a garuruwanmu?

Asarar gidan farko ta gari ce duka, tun daga ranar da ya faɗi. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. A wannan mako, bari kowannenmu ya gano gidan da ke layin gaba a unguwarsa, ya je ya gai da mai gidan, ya ji abin da ke damunsa, ya kawo maganar gaban dattawa, ko zumuntar mata, ko ƙungiyar matasa. Abin da hannu zai iya, a yi shi da gayya. Abin da ya fi hannu, a kai shi gaban mai unguwa da hukuma cikin ladabi da naciya, a kuma koma in ba a ji amsa ba.

Mu yi addu'a. Ya Ubangiji, kai da ka yi teku da sandararriyar ƙasa, ka tuna da mutanen Ayetoro da dukan waɗanda ruwa ya raba da muhallinsu. Ka ba shugabanninmu tsoronka a kan dukiyar jama'a. Ka buɗe idanunmu mu ga maƙwabcin da masifa ta fara isa wurinsa, ka ba mu zuciyar tashi tun ruwa bai kai ƙofarmu ba. Cikin sunan Yesu Almasihu. Amin.